Hannu Ya Iya, Kunne Ya Saba: Nasiha ga Mai Koyon Goge Shi Kaɗai

Ƙanena, idan ka ɗauki goge ko kukuma kana koya wa kanka, akwai wani lokaci da zai zo maka, kuma gara ka san da zuwansa tun bai iso ba. Watannin farko daɗi gare su, domin kowane mako da abin da za ka nuna. Makon jiya tsarkiya ƙara kawai take yi, wannan makon ta fara fitar da murya. Watan jiya yatsa ɗaya ke aiki, wannan watan uku sun shiga. Kafin shekara ta zagayo kana jan kiɗan da duk wanda ya wuce ƙofar ɗakinka zai gane. Daga nan sai abu ya tsaya cik. Kana ɗaukar gogen kullum, kana ba shi awa biyu ko uku, amma kiɗan da ka yi da ƙaramar salla shi ne dai kake yi da babbar salla, bai ragu ba bai ƙaru ba. A nan ne mafi yawan masu koyo suke rataye kayan a bango, suna cewa iyakar rabonsu ke nan. Abin da nake so in tabbatar maka shi ne, wannan tsayawa yawanci daga kunne take farawa. Hannunka ya biya duk abin da kunnenka ya nema, kunnen kuma ya daina neman ƙari, saboda ya saba da kiɗanka har ya ɗauke shi daidai. Yaron da ke da maigida yana da kunne na biyu a kansa, wanda bai saba da kuskurensa ba. Kai da ba ka da maigida, babban aikinka shi ne nemo wannan kunnen, ko da na aro ne.

Ba yau aka fara lura da wannan tsayawa ba. A 1897 da 1899 wasu masana biyu a Amurka, William Bryan da Noble Harter, sun bi diddigin masu koyon aikin wayar tangaraho. Aikin kashi biyu ne, aika saƙo da hannu ta hanyar ƙwanƙwasa, da karɓar saƙo da kunne. Da suka zana ci gaban ɗaliban mako-mako, sai suka ga saurin aikawa yana hawa ba tangarɗa har ya kai iyakarsa, amma saurin karɓa yakan hau, ya tsaya wuri ɗaya makonni da dama, sannan ya sake tashi. Bayaninsu shi ne, ɗalibi da farko harafi-harafi yake ji, kuma mai jin harafi akwai saurin da ba zai wuce ba sai kunnensa ya koma jin kalma ɗungurungum, daga baya ya koma jin jimla. A 1958 wani masanin, Fred Keller, ya sake duba maganar, ya nuna cewa binciken da aka yi daga baya bai cika cin karo da wannan tsayawa ba, wato ba dole ce ga kowa ba, ta danganta da yadda aka yi koyon. Tangaraho ba goge ba ne, kuma ba zan ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Abu biyu kawai nake so ka riƙe daga ciki: inda tsayawar ta bayyana, a ɓangaren kunne ta bayyana, kuma inda aka sauya hanyar koyo, sau da yawa ba ta bayyana ba sam.

To, me ke faruwa a hannu? Masu nazarin yadda jiki ke koyon aiki, tun daga Paul Fitts da Michael Posner a 1967, sun kasa koyo mataki uku. Da farko kana tunanin kowane motsi, ina yatsa zai sauka, yaya za a riƙe izga, kana yi kana kuskure kana gyarawa. Sai matakin tsakiya, inda motsin ke haɗuwa da juna, kuskure yana raguwa. A na uku hannu ya karɓi aikin baki ɗaya, kana kiɗa kana hira, ko hankalinka yana can kasuwa. Wannan mataki na uku ni'ima ne, domin in ba don shi ba babu mai iya waƙa yana goge a lokaci guda. Sai dai hannu ba ya tantance abin da aka ba shi ajiya. Abin da aka fi maimaitawa shi yake riƙewa, lafiyayye ne ko gurgu. In yatsanka na uku ya saba sauka ƙasa kaɗan da inda ya kamata, ka yi haka sau dubu ba wanda ya ce maka uffan, to ka koyi wannan kuskure koyo mai kyau, kuma duk awar da ka ƙara a kan kiɗan nan ƙara kafa shi take yi. Goge ya fi yawancin kayan kiɗa tsanani a nan. Jita tana da ƙarafa a wuyanta da ke yanke wa yatsa wurin sauka, piyano kuwa ka danna ya ba ka abin da aka riga aka ɗaura masa. Goge ba shi da ko ɗaya. Tsarkiyarsa damin tsagiya ce miƙe a sarari, ba a danne ta a jikin sanda, taɓa ta kawai yatsa ke yi, kuma tazarar da ke tsakanin daidai da kusa da daidai ba ta wuce faɗin ƙwayar shinkafa ba. Kunne ne kaɗai mai gadi a wurin, duk ranar da ya sassauta kuwa babu mai tsayar da kuskure.

Kunne kuma dole ya sassauta, halittarsa ce ta kawo haka. Ka san mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli. Dalilin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka gano shi ne, duk lokacin da ka yi niyyar motsi ƙwaƙwalwa tana riga ka hasashen abin da za ka ji, sai ta rage ƙarfin duk abin da ya zo daidai da hasashenta, ta bar hankali ga abin da ya zo ba zata. Haka take yi da sautin da kai ka haifar da hannunka. Bayan wannan, lokacin da kake jan wani kiɗa na Garba Liyo, kiɗa biyu ne ke tashi, wanda ke fita daga ƙwaryar gogenka da wanda ke cikin kanka, wato na Garba Liyon da ka haddace. Na cikin kai yana cike wa na waje giɓi, kai kuma kana jin su a haɗe kana gyaɗa kai. Ga hankalinka a rabe, rabi a yatsu rabi a izga, abin da ya rage wa saurare bai taka kara ya karya ba. Kuma inda kunnenka yake ba nan na mai sauraro yake ba: kai kana kan gogen, kana jin ƙujin tsagiya da abubuwan da ba sa nisa, shi yana can taku goma yana jin abin da iska ta kai masa. Duk wanda ya taɓa tura saƙon murya a WhatsApp ya sake kunna shi ya san irin mamakin da mutum ke yi da jin kansa daga waje. Za ka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan gaskiya ne game da inda hannunka ke ciwo, ko gaɓar da kake jin tsoron isa gare ta. Game da yadda kiɗan ke fita kuwa, wanda ya tsaya a zaure ya fi ka sani.

Abu na farko da za a ce da ni shi ne: yau da gobe ai ba ta bar komai ba, ya ƙara awoyi kawai, wata rana zai wuce wurin. Masu wannan magana sukan kafa hujja da binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 a kan ɗaliban bayolin, gogen Turawa mai tsarkiya huɗu, a makarantar kiɗa ta Balin a Jamus. Sun kasa ɗalibai talatin gida uku, suka ƙiyasta cewa kafin su cika shekara 18 gwanayen ciki sun tara awa kusan 7,400 na atisaye su kaɗai, na tsakiya kusan 5,300, na ƙasa kusan 3,400. Daga wannan bincike ne aka samo maganar awa dubu goma da ta yaɗu a duniya. Amma a duba da kyau. Waɗannan ɗalibai duk suna da malamai tun suna yara, kuma irin atisayen da masu binciken ke nufi na aiki ne a kan abin da malami ya nuna bai gyaru ba. Ericsson da kansa ya sha nanata cewa maimaita abin da ka riga ka iya ba ya cikin lissafin. Sannan a 2019 Brooke Macnamara da Megha Maitra sun sake irin wannan bincike, suka tarar na tsakiya ba su gaza gwanayen awoyi ba. Wanda ya fi kusa da damuwarka shi ne gwajin da Robert Duke da abokansa biyu suka yi a Jami'ar Texas, aka wallafa a 2009. Sun ba masu piyano goma sha bakwai wata 'yar gaɓa mai wuya daga kiɗan Shostakovich, suka ce kowa ya yi atisaye iya son ransa, washegari aka gwada su. Tsawon lokacin da mutum ya ɗauka bai nuna wanda zai yi fice ba, yawan maimaitawa ma haka. Waɗanda suka zo a sama an gane su ne da yadda suke yi da kuskure: suna gane ainihin inda ya faru da abin da ya jawo shi, suna rage gudu kafin su iso wurin, suna maimaita wurin har ya zauna. Ka ga kuwa duk wannan yana farawa ne da jin kuskuren. Wanda bai ji ba, ko kwana zai yi yana goge, ba shi da abin gyarawa.

Kunnen aro mafi araha yana cikin aljihunka. Ka ajiye wayarka taku uku ko huɗu daga inda kake zaune, a kan kujera, kada ka sa ta a cinya. Ka naɗi kiɗa ɗaya wanda kake ganin ka fi iyawa, minti ɗaya ya isa. Sai ka ajiye gogen, ka tashi ka sha ruwa, domin in ka saurara nan take kiɗan cikin kai bai gama lafawa ba. In ka dawo ka saurara sau uku, kowane karo da abin da kake farauta. Karo na farko saukar yatsu kawai: wace murya ce ke zuwa a kwance, wacce ke wuce gona da iri? Na biyu izga kawai, musamman inda take juyawa daga tafiya zuwa dawowa, nan ne sauti ke yankewa ko ya yi ƙara. Na uku ka riƙa tafa cinya a hankali, ka ga inda kiɗan ya gudu ya bar tafin da inda ya ja ƙafa. Kusan tabbas za ka tarar da abin da ke damun masu koyo su kaɗai: farkon kiɗan sumul, ƙarshensa kaca-kaca, domin duk lokacin da ka yi tuntuɓe komawa farko kake yi, har farkon ya sha maimaici ɗari ƙarshen bai sha goma ba. Daga cikin duk abin da ka ji, zaɓi ɗaya tak. Ka yanko gaɓar da yake ciki, murya huɗu ko biyar, haɗe da ta gabanta da ta bayanta don kada ɗinkin ya fito. Kafin ka taɓa gogen ka rera ta da baki, ka naɗa, ka gwada da ta gwanin da kake koyi da shi. Wannan gwaji yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin in bakinka ma bai faɗe ta daidai ba, to ba ka ji ta daidai ba tun asali, kuma azabtar da yatsu ba zai kawo komai ba. YouTube yana da wurin rage gudu zuwa rabi ba tare da murya ta sauya ba, ka yi amfani da shi har sai ka ji 'yan ƙananan kaɗe-kaɗen yatsa da gwani ke sakawa tsakanin manyan muryoyi. Sannan ka ja gaɓar a gudun da ba za ka yi kuskure ba, ko da gudun ya ba ka kunya, ka ƙara sauri kaɗan-kaɗan.

Ina so in daɗe kaɗan a kan izga, domin ita ce marainiyar mai koyo shi kaɗai. Ido yana kan yatsu, don su ake gani suna rawa, alhali muryar gogen a hannun dama take. Abin da ke faruwa tsakanin izga da tsarkiya kamu da saki ne: ƙaron da aka goga yana sa tsagiyar izga ta kama tsarkiya ta ja ta, tsarkiyar ta kuɓuce ta koma, a sake kama ta, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya. Hermann von Helmholtz ya bayyana wannan motsi tun a shekarun 1860. Abu uku ne ke riƙe da shi, nauyin da ka ɗora, gudun da kake ja, da nisan izga daga jaki, wato ɗan abin da ke tokare da tsarkiya. In nauyi ya yi yawa gudu ya yi kaɗan, tsarkiya ba ta samun kuɓucewa a kan kari, sai ka ji gurnani. In nauyi ya yi kaɗan gudu ya yi yawa, kamun ba ya zama, sai ka ji shuu da fito. Kusa da jaki tana son ƙarin nauyi, nesa da shi tana son sassauci. Mai koyo yakan dace da haɗi ɗaya da ke fitar da sauti, ya zauna a kansa shekara da shekaru, shi ya sa kiɗansa ke fita da murya ɗaya daga farko har ƙarshe, ba lallashi ba tsawa. Maganinsa ba shi da daɗi: minti goma kullum a kan tsarkiya sake, ba yatsa ko ɗaya, kana jan izga daga gindi zuwa baki a hankali, kana sauya abu ɗaya cikin ukun nan kana barin biyu, kana neman juyin da ba a jin gaɓarsa. Kafin ka zargi hannunka kuma ka duba kayan. Da damina fatar guza da tsagiya suna shan laima su saki, da hunturu su ɗaure, maiƙon yatsa yana hana ƙaro kamawa, jaki in ya goce sauti ya mutu. Gogen da aka yi don a rataye a falo ko a sayar wa baƙi ba zai ba ka abin da babu a cikinsa ba.

Ba komai ne wayar ta iya ba. Za ta gaya maka ka yi gudu, amma ba za ta riƙe ka ba. Mai goge shi kaɗai yana da wata dabara da bai san yana yi ba, in ya zo wuri mai wuya sai ya ja lokaci, in ya zo mai sauƙi sai ya zuba da gudu, kuma tunda ba kowa a ɗakin, lokacin yana bin sa duk inda ya nufa. Ba banza ba goge ke tafiya da 'yan ƙwarya, kukuma da kalangu ko ƙwarya. Ka nemi aboki mai hannu, ko da bai taɓa kiɗa a gaban jama'a ba, ka kifa masa ƙwarya, ka roƙe shi abu ɗaya: kada ya jira ka. Zaman rabin awa da wanda ba ya jira zai tona maka abin da wata guda na naɗi bai tona ba.

Magana ta biyu da za a kawo ta fi waccan ta ƙara awoyi nauyi a ƙasar Hausa, ita ce ta gado. Za a ce da kai kiɗa a jini yake, ɗan haye yana da inda zai tsaya, kuma ga shi ka iso wurin. Ba na musun baiwa. Allah bai yi mutane daidai ba, wani yaro yana kama kari da ji ɗaya, wani sai ya ji sau ashirin, kuma binciken 2019 da na ambata shi kansa yana nuna cewa atisaye bai bayyana dukkan bambancin da ke tsakanin makaɗa ba. Amma a buɗe abin da ake kira gado a ga me ke ciki. Yaron gidan makaɗa ya yi shekaru yana jin kiɗan tun yana goye. In ya tasa ba a miƙa masa goge, kaya yake ɗauka, sai ya shiga amshi, sai ya zauna a ƙwarya, yana kallon hannun maigida dare bayan dare, in ya kauce a harare shi a gaban jama'a. A Dagbon ta arewacin Ghana, inda gogen ke da matsayi a fadar Ya Na a Yendi kuma gidaje ne sanannu ke riƙe da shi, yara da caki suke farawa kafin su kai ga tsarkiya. Jacqueline DjeDje ta rubuta littafi guda, wanda ya fito a 2008, a kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba, kuma duk wanda ya duba irin wannan tarbiyya zai ga kunne ake ginawa shekaru kafin a taɓa hannu, tare da mai gyara da ba ya ɗaga ƙafa. Kai ka fara ne daga hannu, ka tsallake wancan. Abin da ka tsallake ana iya komawa a ɗauko, ko da ba zai zo da sauƙin da ya zo wa mai shekara biyar ba. Kuma babu wanda ya isa ya ce ga iyakar baiwarka alhali ba ka taɓa gwada koyo da mai gyara ba.

Magana ta uku daga masu son 'yanci take fitowa. Suna cewa goge ba shi da takarda, kowane makaɗi da salonsa, to wa ya ce saukar yatsana kuskure ce? Kuma in na zauna ina kwaikwayon Ibrahim Na Habu ko Garba Supa gaɓa-gaɓa, ba zan zama inuwarsu ba? Kashin farko yana da amsa a cikin kiɗan kansa. Gogen Hausa magana yake yi, yana bin hawa da saukar muryar harshe, shi ya sa mutum ke jin takensa daga nesa ya miƙe. In mai take bai gane takensa ba, ko mawaƙi ya kasa ɗora murya a kan abin da ka ja, an yi kuskure ko babu takarda. Gwajin salo kuma mai sauƙi ne: abin da ka zaɓa za ka iya yin sa, za ka iya barin sa, za ka iya maimaita shi sau biyar iri ɗaya. Abin da ba ka iya bari ba, ba kai ka zaɓe shi ba. Sai dai a nan akwai tarko. Manhajojin gyaran sauti da ke cikin waya a kan ma'aunin piyano aka gina su, muryoyin goge kuwa ba dole su faɗa daidai kan wannan ma'auni ba, saboda haka in ka bi allurar manhaja ido rufe za ka gyara abin da ba ɓatacce ba. Ma'auninka shi ne tsarkiyarka sake da kuma kiɗan gwanaye, kuma ka ɗaure gogenka daidai da naɗin da kake bi, don tsofaffin kaset sukan ɗaga murya ko su sauke ta. Kashi na biyu kuwa tsoro ne mai tushe. Michael Coleman, mai goge ɗan yankin Sligo a Ayalan, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1914, fayafayan da ya naɗa a can a shekarun 1920 da 1930 suka koma gida, matasa suka rungume su har daga baya aka riƙa kukan cewa salon wasu yankuna ya dusashe. Abin da wannan ke koyarwa shi ne haɗarin kwaikwayon mutum ɗaya. Ka ɗauki Hassan Wayam da Ahmadu Doka, ka ƙara da gojen Yusuf Olatunji a kiɗan sakara na Yarabawa, da njarkar Ali Farka Toure ta Mali, ka ga yadda kowannensu ke fita daga murya ya shiga wata. Wanda ya san hanya huɗu yana da abin zaɓa a ciki.

Ka shirya wa abu ɗaya: in ka fara wannan aiki, kiɗanka zai lalace kafin ya gyaru. Ka kwance abin da hannu ya ɗaure, ka mai da shi matakin farko inda ake tunanin kowane motsi, saboda haka makonni biyu ko uku za ka ji kamar ka koma baya, kuma zuciya za ta riƙa ce maka tsohuwar hanyar ta fi. Kada ka yarda da ita da wuri, domin jin daɗin atisaye ba ya auna amfaninsa. A 1978 Alan Baddeley da wani abokin aikinsa sun ba da rahoton ma'aikatan gidan waya a Ingila da aka koya wa buga keken rubutu. Waɗanda aka ba awa ɗaya a rana sun iya cikin awoyi mafi ƙaranci, sun fi waɗanda aka ba awa huɗu a rana, amma su ne suka fi nuna rashin gamsuwa da tsarin. Irin aikin da na zayyana maka yana cin hankali, minti talatin zuwa arba'in in an yi shi da gaske ya isa zama ɗaya, kuma barci yana da rabonsa wajen zaunar da abin da hannu ya koya da rana. Sauran lokacin ka yi kiɗanka don nishaɗi, ba laifi, kawai kada ka ƙidaya shi a cikin koyo. Ka riƙa ajiye naɗi ɗaya kowane wata da kwanan watansa, na kiɗa ɗaya, domin bayan shekarar farko ci gaba ƙanƙancewa yake yi har ba a ganinsa daga yau zuwa gobe, wani abin da kake kira tsayawa ma tafiya ce a hankali. In kuma wuyan hannu ko kafaɗa na ciwo, ka tsaya, riƙon ne ke da matsala, kuma wannan ido ne ke gano shi, ka sa wayar ta ɗauki hotonka mai motsi daga gefe.

Duk da haka akwai inda waya da aboki ke ƙarewa. Shinichi Suzuki, ɗan Japan ɗin da hanyarsa ta koyar da yara bayolin ta zagaye duniya, yana da shekara 17 ya ji faifan Mischa Elman, ya ɗauko bayolin daga masana'antar mahaifinsa a Nagoya ya fara koya wa kansa ta bin faifai. Bai tsaya nan ba, ya nemi malami a Tokyo, daga baya ya tafi Balin ya zauna shekaru a hannun Karl Klingler. Na san a wurinmu neman malamin goge ba kamar neman malamin ɗinki ba ne. An daɗe ana haɗa gogen da bori da gidajen shaye-shaye, malamai da yawa tun zamanin jihadin Shehu suna sukarsa, muhawara ce mai masu ita kuma ba ita na zo yankewa ba. Na kawo ta ne don ita ce ta sa masu gogen suka yi ƙaranci a wasu garuruwa, samari da yawa kuma suke koyo a ɓoye. Amma ba su ƙare ba. Ana samun su wurin biki, a ƙungiyoyin wasan gargajiya na jihohi, a sassan kiɗa da wasan kwaikwayo na wasu jami'o'i da kwalejojin ilimi, kuma mai haɗa goge kusan kullum ya san mai kaɗa shi. Ba sai ka tare a gidan mutum ba, zama ɗaya a wata yana aiki in ka san abin da ka je nema. Ka je da goronka, ka gaishe shi yadda ake gaida manya. Kada ka ce Baba a koya mini goge, wannan roƙo ne da ba shi da bakin kamawa, zai ce maka to, ka riƙa zuwa. Ka ce Baba ga wata gaɓa ta gagare ni, ka ja masa ita, ka yi shiru. Mai yiwuwa ba zai yi maka bayani da baki ba, yawancinsu ba haka suka koya ba, zai karɓi gogen ya ja ta sau biyu ya miƙo maka. Ka kalli hannun damansa, ka nemi izini kafin ka naɗa. In ya ce izgarka ta yi tauri alhali kai yatsu ka kawo ƙara, ka bar yatsun ka bi izgar, sannan bayan wata guda ka koma masa da gaɓar nan dai kafin ka tambaye shi wata.